Kwaɗon da Aka Sauya a Ƙofar Mangaza: Rikicin Masu Hannun Jari a Ƙananan Kamfanonin Maraɗi

A Maraɗi ba kasafai ake tsige manajan kamfani a ɗakin taro ba. Da kwaɗo ake tsige shi. Mutum ya fito da sassafe, ya hau babur ya nufi mangaza kamar kullum, ya zura makulli ya ƙi juyawa. Ya zare ya sake gwadawa. Sai mai gadi ya taso daga tabarmarsa, kai a sunkuye, ya ce: "Ka yi haƙuri, Malam. Alhaji ne ya aiko aka canza jiya bayan isha'i. Ya ce kada a buɗe wa kowa sai ya zo." Kafin azahar ya ji an je banki ana neman a daina karɓar sa hannunsa, hatimin kamfani kuma ya koma aljihun babban ɗan Alhaji. Buhunan aya da riɗi da ya yi ta bin kasuwannin ƙauye yana saye tun kaka suna ciki. Littafin da ya rubuta kowace tiya da hannunsa yana ciki. Kuma a rubuce, kashi 30 cikin 100 na kamfanin nan nasa ne.

Na san mutumin, ba kuwa zan ambaci sunansa ko na kamfanin ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk wanda ya ji labarin a kasuwa tambaya ɗaya yake yi: "Mi ya yi wa Alhaji?" Ban ji wanda ya tambaya ko Alhaji yana da ikon yin haka ba. A ganin jama'a mai kuɗi ya sallami yaronsa, magana ta ƙare. Alhali a takarda babu ubangida babu yaro, abokan tarayya ne biyu, ɗaya da 70, ɗaya da 30.

Kasuwancin garin nan a kan amana ya girma. Tun zamanin gyaɗa, har zamanin fiton kaya zuwa Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, tsarin da Alhazan Maraɗi suka sani shi ne na ubangida da bara. Ubangida ya ba da jari, bara ya yi zirga-zirga. In ya daɗe da riƙon amana a yi masa aure, wataƙila a kai shi Makka, a ƙarshe a yaye shi da ɗan jarinsa ya kama gabansa. Haɗin gwiwar tsara da tsara kuwa na kaka ɗaya ne: mu haɗa kuɗi mu sayi wake a Tasawa ko Mayahi, mu ajiye, farashi ya tashi da bazara mu sayar, a zauna a zaure a raba. Wanda ya ga dama a sake baɗi, wanda bai gani ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Duka tsarin biyu suna da ƙofar fita, kuma kowa ya san inda take.

Kamfani mai rajista wani abu ne dabam. Mutanenmu sun shige shi ne don banki na neman takarda, kwangilar gwamnati da ta ƙungiyoyin agaji na neman lambar rajista, duwan da ofishin haraji ma haka. Sai a je wurin notar, jami'in da ke tabbatar da takardu a idon doka, a sa hannu a kan takardun Faransanci da aka riga aka shirya, sunaye da adadi kawai ake cikewa. Daga ranar da aka yi rajista an haifi wani mutum a idon doka, dukiyarsa tasa ce ba ta masu shi ba, kuma yana iya rayuwa har shekara 99. An shiga da zuciyar haɗin kaka ɗaya, an ɗaura aure na tsawon rai, ba a kuwa tanadi yadda za a rabu ba. Nan ne, a ganina, tushen kusan duk rigimar da ke biyo baya.

Dokar da ke mulkin waɗannan kamfanoni ba a Yamai aka rubuta ta ba. Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ta 1993. Dokarta ta kamfanoni an amince da ita a 1997, aka sake fasalinta a Wagadugu ranar 30 ga Janairun 2014, kuma ita ce ke aiki a Maraɗi kamar yadda take aiki a Duwala ko Dakar. Kotun ƙarshe a kan fassararta tana Abijan. Yawancin ƙananan kamfanoninmu irin da ake kira SARL ne, wato wanda asarar masu shi ba ta wuce abin da suka zuba, mai tafiyar da shi kuma shi ne manaja, wanda masu boko ke ce wa jeran.

To me wannan doka ta ce game da kwaɗo? Ba ta san shi ba. Sashe na 326 ya ce ana tsige manaja da shawarar masu hannun jarin da ke riƙe da fiye da rabin kason kamfani. A lura da "fiye da". Mai 50 cif ba ya tsige kowa. A sauran al'amuran yau da kullum, in ba a sami rinjaye a zaman farko ba ana iya sake zama a yanke da rinjayen ƙuri'un da aka kaɗa, amma a tsige manaja babu wannan sassauci. Sannan shawara sai da taro, taro kuma sai da takardar gayyata kwana 15 kafin ranar, ɗauke da abin da za a tattauna. Matsalar ita ce manajan ne ke kiran taro, kuma ba a sa ran mutum ya wasa wuƙar da za a yanka shi da ita. Don haka doka ta ba mai rabin kaso damar tilasta a kira taro, ta kuma ba kowane mai hannun jari damar zuwa kotu a naɗa wanda zai kira. In an tsige, sai an kai an rubuta a rajistar kasuwanci. Kafin a yi haka, ɗan kasuwar Kano da ya ƙulla ciniki da tsohon manaja bai san an sauya ba yana da hujjar riƙe kamfanin. Ke nan Alhajin da ya canza kwaɗo ya hana mutum shiga mangaza, amma ya bar shi da kujerarsa a takarda.

Da Alhaji ya bi hanya, da ya tsige shi, wannan babu musu. Mai 70 yana da ikon. Sai dai sashen ya ƙara da cewa in an yi tsigewar ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, wanda aka tsige yana iya neman diyya. Diyya ce fa, ba komawa kujera ba. Manajan da ya cakuɗa kuɗin kamfani da na aljihunsa, ko ya shekara bai kira taro ba, ko ya buɗe nasa cinikin a gefe yana janye abokan hulɗa, wannan ya ba da dalili da kansa. Amma cewa ɗana ya dawo daga karatu ina son ya zauna a kujerar, wannan amfanin gidan Alhaji ne, ban ga yadda zai zama amfanin kamfani ba. Akwai ma hanyar da ba ta da hayaniya wadda mutane ke mantawa da ita: in takardar kafa kamfani ba ta faɗi wa'adi ba, doka ta ba manaja shekara 4. In wa'adin ya cika aka zaɓi wani, ba tsigewa aka yi ba.

Kuskuren da ya fi yawa, wanda masu rinjaye da marasa rinjaye duka ke yi, shi ne ɗaukar cewa wanda aka cire daga manajanci an cire shi daga kamfani. Kujera dabam, hannun jari dabam. Mutumin nan da aka kulle wa ƙofa har yanzu yana da ƙuri'a 30, yana da haƙƙin a gayyace shi kowane taro, yana da kashi 30 na duk ribar da aka yanke za a raba. Yana ma da wani makami da bai san yana da shi ba. Sauya dokokin kamfani, har da ƙara jari da sabon kuɗi, sai da amincewar masu kashi uku cikin huɗu na jarin, wato 75. Alhaji 70 gare shi. Ba zai iya ninka jari ya zuba kuɗin da ya san abokinsa ba shi da su, don 30 ɗin nan ya narke ya koma 15 ba. Da 25 mutumin yake da shi, da an iya. Tsakanin 25 da 26 akwai tazarar da ta fi kaso ɗaya nesa ba kusa ba, kuma ban taɓa jin an tsaya a kanta ranar da ake rabon kaso a gaban notar ba.

Duk da haka kada mai ƙaramin kaso ya yi saurin murna. A ƙaramin kamfani riba ba ta fita da sunan riba. Tana fita a matsayin albashi, da kuɗin mai, da hayar mangaza, da kuɗin tafiya. Wanda ke kan kujera yana ci kullum, wanda aka sauke sai ya jira rabon shekara, rabon shekara kuwa mai rinjaye ne ke yanke ko za a yi. Wannan ciwon ba namu ne mu kaɗai ba. Shahararriyar shari'ar da ake karantarwa a kan wannan batu a Ingila ta wasu masu sayar da darduma ce a Landan, Ebrahimi da Nazar. Sun daɗe suna haɗin gwiwa, a 1958 suka mayar da cinikin kamfani, kowa da kaso 500. Ɗan Nazar ya shigo, kowannensu ya ba shi 100. Uba da ɗa suka zama masu 600 cikin 1000, a 1969 suka cire Ebrahimi daga shugabanci. Kamfanin bai taɓa raba riba ba, duk abin da ake samu a matsayin ladan shugabanni ake ɗauka, saboda haka cire shi daga kujera yanke masa abinci ne gaba ɗaya. A 1972 kotun ƙolin Ingila ta ce ko da an bi ƙa'idar tsigewa, an karya fahimtar da aka gina tarayyar a kanta, ta yarda a rushe kamfanin. Ka cire darduma ka sa aya, labarin ya zama na unguwarmu.

Hanyoyin danne ƙaramin mai hannun jari ba su da yawa, kuma duk a natse ake bin su. Kowace shekara a ce a bar ribar a ajiya. A ɗauki ɗa da suruki aiki da albashi mai tsoka. Mangazar da kamfani ke haya ta Alhaji ce, sai kuɗin haya ya ninka. Kayan kamfani a sayar wa wani shagon Alhaji a farashin sari, can ne za a ci ribar gaske bayan an tsallaka iyaka. In aka yi shekara uku ana haka, mai 30 zai zo da ƙafarsa yana roƙon a saye kasonsa ko nawa ne. Duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan hoton. A Suratu Sad, mutum biyu suka shigo wa Annabi Dawuda, ɗaya ya ce ɗan'uwansa yana da tumaki 99, shi yana da guda, ya ce ya ba shi ita, kuma ya fi ƙarfinsa a magana. Annabi Dawuda ya ce an zalunce shi, ya ƙara da cewa da yawa daga masu haɗa dukiya sashensu na zaluntar sashe. Kalmar da ta fi taɓa ni a ƙissar ita ce rinjaye a magana. Bai ce ya doke shi ba, bai ce ya sace ba. Bakinsa ne ya fi ƙarfi, kamar yadda ƙuri'a 70 ke fin 30 ƙarfi a ɗakin taro.

Dokar OHADA ta san da wannan, ta sa masa suna a sashe na 130: cin zali da rinjaye. Shawarar da masu rinjaye suka yanke don amfanin kansu kawai, ta saɓa wa amfanin marasa rinjaye, kuma ba a iya kare ta da amfanin kamfani, ɓatacciya ce, waɗanda suka kaɗa mata ƙuri'a kuma ana iya bin su diyya. A karatu abin da daɗi. A gaban alƙali sharaɗi na ukun nan ne ke ba da wuya, musamman a gari irin namu da cinikinsa ke rataye a wuyan iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya sake toshe hanya wata da watanni, darajar naira kuma ta faɗi ƙasa warwas. Manajan da ya ce ya riƙe riba don tsoron gobe yana iya kasancewa mai gaskiya, kuma sau da yawa mai gaskiyar ne. Abin da ke bambanta tanadi da danniya shi ne inda kuɗin suka tafi. In an ce babu rabon riba don zamani ya yi tsanani, amma a shekarar aka ninka albashin manaja aka saya masa sabuwar mota, to tsananin a kan mutum ɗaya ya sauka. Sai dai wannan ba a tabbatar da shi da rantsuwa ko da "kowa ya sani". Da takarda ake tabbatar da shi.

Nan kuma kunya ke yi mana ɓarna. Na taɓa zama a wani zaure inda ƙane ya tattara ƙarfin halinsa ya ce wa wansa: "Yaya, don Allah in babu damuwa, ina son in ga lissafin bana." Wan ya ajiye kofin shayi, ya dube shi ya ce: "Yau ni kake tuhuma? Ni da na goye ka?" Ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce: "Allah ya huci zuciyarka, Yaya, ba haka nake nufi ba." Maganar ba ta sake tasowa ba sai bayan shekaru, a ofishin lauya. Abin da ya nema kuwa haƙƙinsa ne tsantsa. Doka ta wajabta babban taro cikin wata 6 bayan rufe lissafin shekara, wato kafin ƙarshen Yuni. Ta ba kowane mai kaso damar karɓar takardun lissafi na shekara 3 da suka wuce a duk lokacin da ya so. Sau biyu a shekara yana iya rubuta wa manaja tambaya a kan duk abin da ke barazana ga ɗorewar kamfani, manaja kuma dole ya amsa a rubuce cikin kwana 15. Mai kashi ɗaya cikin goma na jari, ko wasu da suka haɗa kai suka kai haka, suna iya roƙon kotu ta naɗa gwani ya binciki wani ciniki takamaimai, kamar hayar mangazar nan ko sarin da aka yi wa shagon Alhaji, kuma kamfani ne ke biyan gwanin. Kafin gyaran 2014 sai mai kashi ɗaya cikin biyar ke da wannan dama. Manajan da ke da hannun jari ba ya kaɗa ƙuri'a a kan albashin kansa. An kuma haramta masa, shi da sauran masu kaso, cin bashi daga asusun kamfani, abin da a nan ake yi kullum da sunan "zan mayar in an yi ciniki".

Haƙuri abin yabo ne a wurinmu, amma a wannan fagen yana da farashi. Ƙarar neman diyya daga manaja tana mutuwa bayan shekara 3 daga ranar da aka yi ɓarnar, ko daga ranar da ta bayyana in ɓoye ta aka yi. Wanda ya haɗiye shekara biyar don gudun ɓacin zumunci, ranar da tura ta kai bango sai ya tarar rabin abin da zai yi ƙara a kai ya wuce. Daga nan kuma sai ya yi tsalle zuwa ɗaya ƙarshen, ya kai ɗan'uwansa wurin ƴan sanda da tuhumar cin amana. Gaskiya ne dokar ta mayar da wawure dukiyar kamfani laifi, amma daga ranar da aka kwana da mutum a tsare, sulhu ya yi nisa, iyaye mata sun daina gaisawa, kuɗin kuma ba su dawo ba. Wasiƙa ɗaya mai ladabi a shekarar farko, da aka miƙa hannu da hannu aka karɓi shaidar karɓa, ta fi wannan amfani.

Wani lokaci manajan ne da kansa mai rinjaye. Ba abin da ya hana shi kaɗa ƙuri'a a kan tsige kansa, saboda haka ta hanyar taro ba mai taɓa shi. Doka ta bar ƙofa ɗaya: kowane mai hannun jari, ko kaso ɗaya gare shi, yana iya neman kotun inda mazaunin kamfani yake ta tsige manaja in akwai dalili. Waɗanda suka fi bukatar sanin wannan su ne magada. Mutuwar mai kaso ba ta rushe SARL sai in takardar kafa shi ta ce haka. Alhaji ya rasu ya bar mata biyu da ƴaƴa ɗaki-ɗaki, kason da yake dunƙule a hannu ɗaya ya watse: tumuni ga matan, saura ga ƴaƴa, namiji rabon mata biyu. Kafin a raba, magada duka wakili ɗaya ke magana da yawunsu a taro, kuma kusan kullum babban ɗan da ke riƙe da makulli ne. Gida da gona ana ganinsu, ana auna su, malamai su raba. Kason kamfani ba a ganinsa, sai ya zauna shekaru a hannun wanda ke kan kujera, ƴaƴa mata da ƴan ɗakin amarya ana aika musu buhun gero da azumi ana kiransa alheri. Haƙƙinsu ne ake yanko musu kaɗan daga ciki, kuma yana ci mini rai yadda suke godiya.

Adalci ne a faɗa cewa ƙarami ma yana zalunci. Akwai mai 30 da ke toshe ƙarin jarin da kamfani ke matuƙar bukata, don kawai a gaji a saye shi da tsada. Akwai abokai biyu masu 50 da 50, rabon da ake yi don nuna ƙauna, wanda ranar saɓani ke zama sarki biyu a gari ɗaya. Sashe na 131 ya tanadi wannan: kotu na iya naɗa wakili ya kaɗa ƙuri'a a madadin mai toshewar. In al'amura sun tsaya cik, tana iya naɗa mai riƙon ƙwarya na wata 6, a ƙara masa in da bukata amma kada jimla ta wuce wata 12. In duk bai yi ba, sashe na 200 ya yarda a rushe kamfani saboda saɓanin da ya hana shi aiki. Rushewa kuwa asara ce ga kowa, domin darajar kamfanin Maraɗi ba a buhu take ba. Tana cikin sunan da ya sa manomin Agye zai ba ka kaya bashi, da lambar wayar dillalin Dawanau da ke ɗauka in ka kira. Mai raba kadara ba ya iya sayar da waɗannan.

Duk magungunan nan, in ka duba, na gyaran zama ne. Mutumin da aka kulle wa ƙofa kuwa ba zama yake so ba kuma. So yake a ba shi abin da kasonsa ya kai, ya tafi. A nan ne dokar ta gaza masa. Ba ta ba mai kaso a SARL haƙƙin ya ce na fita, a biya ni ba. Abin da ta ba shi zagaye ne: in takardar kafa kamfani ba ta tsara wani abu dabam ba, ya nemo mai saye daga waje, ya sanar da kamfani da abokansa. In suka yi shiru wata 3, an ɗauka sun yarda. In suka ƙi, wajibi ne cikin wata 3 su saya da kansu, in ba a daidaita kan farashi ba kotu ta naɗa gwani ya kimanta. Dabara ce mai kyau, amma sai ka sami mai saye tukuna, kuma wane ne zai zuba kuɗinsa a kashi 30 na kamfanin da mai 70 ba ya son ganinsa? Ƴan'uwanmu na Katsina da Kano a wannan wurin sun fi mu sauƙi, domin dokar kamfanonin Najeriya ta 2020 ta ba kotu ikon umartar a saye kason wanda aka danne. Ɗan kasuwar da ke da ƙafa a ƙasashen biyu kada ya ɗauka abin da lauyansa na Kano ya gaya masa yana aiki a wannan gefen.

Tunda doka ba ta gina ƙofar ba, masu kamfani ne za su gina ta, kuma tun ran gini ran zane. Gyaran 2014 ya yarda masu hannun jari su ƙulla yarjejeniya tsakaninsu bayan takardar kafa kamfani, ya kuma kawo sabon nau'in kamfani, SAS, wanda a cikinsa ake da ƴancin tsara shugabanci da fita kusan yadda aka ga dama. Abin da ya kamata a rubuta ba shi da yawa. In aka sauke ɗayanmu daga kujera, sauran za su saye kasonsa, a farashin da za a lissafa ta hanya kaza, a biya cikin wata kaza. Kowace shekarar da aka ci riba, aƙalla kashi kaza za a raba. In ɗayanmu ya rasu, magadansa za su shigo ko biyansu za a yi? In mun saɓa, wa zai shiga tsakani kafin kotu? Na san yadda wannan ke da nauyi a baki. Mutum biyu suna fara'a, sun sha fura tare, ka ce su zauna su tsara rabuwa, sai a ga kamar kana yi musu baki. Amma mu ne muke karanta aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce in an ƙulla bashi a rubuta, ƙarami ne ko babba. Kuma tunda tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ban ga abin da zai hana notar ya sa a karanta wa Alhaji da abokinsa kowane sashe da Hausa kafin su sa hannu ba.

Sulhun dattawan kasuwa da na limamai da na fada yana da albarka, yana da sauri, yana kuma rufa asiri, abin da ɗan kasuwa ke bukata kamar jari. Rauninsa shi ne nauyin haƙuri kan faɗa a kan ƙarami, domin babba ba a son a kunyata shi, sannan abin da aka yanke da baki yake tsayawa. Tun 2017 OHADA na da dokar sasanci wadda ta ba da hanyar mayar da yarjejeniyar sulhu abin da ake zartarwa kamar hukunci, ta hannun notar ko kotu, kuma a Yamai akwai cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa. Ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Dattawa su daidaita, a rubuta, a sauya sunaye a rajista.

Mutumin da na fara da shi ta hannun dattawa maganarsa ta ƙare. An zauna sau uku. Da aka zo kan farashi babu wata takarda da ta faɗi yadda za a lissafa, shi kuma ya gaji, yana da iyali, kaka na ƙaratowa yana son ya shiga kasuwa da ɗan abin da ya samu. Aka ce a mayar masa da abin da ya zuba ranar kafa kamfani, Alhaji ya ɗora masa wani abu a kai na kyautatawa, a biya shi kashi uku. Ya karɓa, aka yi fatiha. Kamfanin a lokacin ya ninka abin da aka fara da shi sau da yawa, kuma har yau da littafinsa na awo da sunayen manoman da ya tara suke sayen aya.